Abincin Kwali Ya Ƙetaro Kogi

Wanda ya bar Kaduna shekara ashirin da suka wuce, in ya dawo yau ya ƙetare gada ya bi hanyar Kachia har Sabon Tasha, zai ga abubuwan da bai bari ba. A Barnawa da Narayi da Television da Sabo, gidajen abinci masu ƙofar gilashi sun tsiro a bakin titi, da fenti ja da rawaya, da fitilu masu haske ko da unguwa duka tana cikin duhu. Ciki da sanyi kamar hunturun Jos. Samari da 'yan mata sanye da riga iri ɗaya da hula iri ɗaya suna tsaye bayan kanta, suna miƙa soyayyiyar kaza da shinkafa a cikin kwali ko roba. Kusa da su kuma ga kantunan zamani, inda mutum yakan ɗauki kwando ya zaga ya zaɓi abin da yake so da hannunsa, ya biya a bakin ƙofa, ba ciniki, ba "rage mini".

'Ya'yanmu sun riga sun san sunayen waɗannan wurare, wasunsu tun ba su iya rubuta sunan ƙauyen kakansu ba. Don haka ya kamata mu iyaye mu san mene ne su, na wane ne, in kuma muka miƙa Naira a kan kantar nan, ina take kwana.

Da fari dai, abincin gaggawa ba baƙo ba ne a wannan gefe na kogi. Kakuri da Makera sun girma ne a kan masaƙu. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, sa'an nan Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Kamfanin haɗa motar Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban ma'aikata suna shiga suna fita bi da bi, dare da rana. Mutumin da zai kama aiki da asuba ba ya jiran tuwo ya dahu. Wa ya ciyar da shi? Mai ƙosai da kunu a bakin ƙofar masaƙa, mai waina, mai shayi da burodi, mai shinkafa da wake, mai fate a bukka, da mai tsire in dare ya yi. Ƙosai kuwa ya fi kazar kwali sauri, gama kana tsaye za a tsame maka shi daga mai. Yawancin masu wannan sana'a mata ne, matan ma'aikatan nan da 'yan'uwansu. Da kasko da murhu suka biya kuɗin makarantar mutane da yawa waɗanda yau ake ce da su malam, ko likita, ko fasto.

Masaƙun sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, shekaru da yawa bayan haka tsofaffin ma'aikata da gwauraye suna ta bin haƙƙin sallama. A gidaje da yawa kaskon uwar gida ne ya zama albashin da ya rage. A lokaci guda kuma, bayan tarzomar 2000 da ta 2002, jama'a da yawa suka ƙaura daga arewacin gari zuwa kudu. Unguwanni irin su Sabon Tasha da Unguwar Romi da Kamazou da Gonin Gora suka cika suka batse. Inda mutane suka taru, nan kasuwa take bi. Masu manyan gidajen abinci sun ƙirga kawunanmu, sun ga ma'aikatan gwamnati da na banki da ɗalibai, sun ga yadda titi yake cika ran Lahadi da rana bayan an tashi sujada. Ba ƙaunarmu ce ta kawo su ba, lissafi ne. Ba mu kuwa ce laifi ne ba, gama kowane ɗan kasuwa haka yake yi.

Hayar suna

A ƙasar nan tushen abin yana wurin kamfanin UAC, wanda kakanninmu suka sani da sayen gyaɗa da fatu. Shi ne mai kantunan Kingsway, a cikinsu kuwa akwai wurin shan shayi da cin ɗan abin taɓawa. A 1973 aka sa wa wuraren suna Kingsway Rendezvous, a 1986 kuma aka buɗe Mr Bigg's na farko a Marina cikin Ikko. Tantalizers ta fara a 1997, Chicken Republic a 2004, dukansu a Ikko. Na ƙasashen waje sun zo daga baya: KFC a 2009, Domino's a 2012. McDonald's, wanda ya fi su duka girma a duniya, bai taɓa buɗe reshe a Nijeriya ba. Nan Kaduna Mr Bigg's ne ya fara koya wa yaranmu ɗanɗanon mitfai a wurin zama mai sanyi, Chicken Republic kuma ta zo ta yi rassa. Bayan waɗannan akwai gidaje da yawa na 'yan gari da suka kwaikwayi fasalinsu, har fenti da hular ma'aikata.

Yaya kamfani ɗaya yake samun rassa a garuruwa hamsin? Hanya biyu ce. Ko dai ya gina da kuɗinsa ya sa manaja, ko kuwa ya ba da hayar sunansa. Wannan hanya ta biyu a Amurka ta yi ƙarfi. Harland Sanders, tsohon nan mai farin gemu da ake gani a allon KFC, ya fara ba da hayar sunansa da sirrin yajinsa a 1952. Ray Kroc ya buɗe McDonald's nasa na farko a 1955 bisa irin wannan yarjejeniya, daga baya ya saye kamfanin duka.

Ga yadda abin yake. A ce wani mai hali a Barnawa yana so ya buɗe gidan kaza. Shi zai nemi fili, ya yi gini ko ya biya haya, ya sayi tukwane da firji da janareta, ya ɗauki ma'aikata. Kafin ya ɗaga allon suna sai ya biya kamfani kuɗin shiga. Daga nan kowane wata zai ba su wani kaso. A ƙasashen waje kason yakan kama daga 4 zuwa 6 cikin 100, ban da wani kaso na talla. Abin lura a nan shi ne daga cikin ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. Ko watan nan ya ci riba ko ya faɗi, mai suna zai karɓi nasa. Ba shi da ikon canja farashi yadda ya ga dama, ko ya ƙara faten acca a jerin abinci don ya ga mutanen unguwa suna so. Sau da yawa ma an riga an faɗa masa wurin da zai sayi kaza da yaji da kwali. Abin ya yi kama da manomin da ya ari gona, ya kawo iri da taki da ƙarfinsa, amma mai gona yana da damin da zai ɗauka ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Me ya sa mutum zai yarda da wannan? Domin suna yana jawo mutane. Baƙon da ya sauka daga Abuja bai san bukkar da ta iya miya ba, amma ya san allon nan, ya san abin da zai samu a ciki da kuɗin da zai biya. Wannan tabbaci shi ne hajar da ake sayarwa, kaza tana biye ne kawai.

Sai dai sunan da aka yi haya yana iya tsufa, yana kuma iya tashi. Mr Bigg's ya taɓa samun rassa fiye da 150, yawancinsu a hannun masu haya. Da masu gasa suka yi yawa, aikin rassan kuma ya bambanta daga wannan gari zuwa wancan, da yawa suka rufe. A 2013 kamfanin Famous Brands na Afirka ta Kudu ya sayi kashi 49 cikin 100 na sashen. Haka nan babban kantin Shoprite, wanda ya shigo ƙasar nan a 2005 ya buɗe a Kano a 2014: masu shi na Afirka ta Kudu sun sayar da nasu a 2021, reshen Kano kuma ya rufe a farkon 2024. Ran da lissafi ya daina fita, sai a sauke allo. Mutanen Kakuri ba sai an yi musu bayanin wannan ba, gama sun ga ƙofofin da suka fi waɗannan girma an sa musu kwaɗo.

Inda Naira take kwana

Bari mu bi kuɗin. In ka ba mai ƙosai Naira 500, kafin rana ta faɗi ta kai wa mai wake a Kasuwar Monday ta Kakuri ko kasuwar Sabo, ta biya mai injin niƙa, ta biya mai itace ko gawayi, ta ba yaron da ya ɗebo ruwa. Abin da ya saura shi ne kuɗin littafin 'yarta, da adashi, da baikon Lahadi. Kuɗin nan yakan zaga unguwa sau uku ko huɗu kafin ya fita. Mai yiwuwa ma ya dawo aljihunka, in kai tela ne ko malamin makaranta.

In ka miƙa shi a gidan gilashi, wani sashe ya tafi harajin VAT, wanda ya zama 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020. Wani sashe mai kauri ya tafi man janareta, gama sanyin nan da hasken nan ba kyauta ba ne, a cikin kuɗin cinyar kaza aka sa su. Wani ya tafi haya, wani albashi, wani kwali da roba da cokalin da za a yar a kwata. Saura ya hau waya ya tafi babban ofis a Ikko, in kuwa sunan na ƙasar waje ne, wani abu ya ƙetare teku. Abin da yake tsayawa a unguwa shi ne albashin yaran da ke aiki da kuɗin mai gini.

Akwai wata ƙofa da kuɗin zai iya dawowa ta cikinta, watau kaza kanta. Tun zamanin mulkin Obasanjo gwamnati ta hana shigo da kajin ƙanƙara daga waje, don haka kazar da ake soyawa ya kamata a ce a ƙasar nan aka yi kiwonta. Kaji kuwa masara da waken soya suke ci, jihar Kaduna tana cikin manyan masu noman su. A Satumban 2017 kamfanin Olam ya buɗe babban wurin ƙyanƙyasar 'yan tsaki da haɗa abincin kaji a kan hanyar Abuja, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Iyalai da yawa a Kamazou da Mararrabar Rido da Gonin Gora suna kiwon kaji ɗari ko ɗari biyu a bayan gida. Amma manyan gidajen nan suna son kaji masu nauyi ɗaya, a yanke a gyare, a kawo a motar sanyi kowane mako ba fashi. Mai kaji ɗari ba zai iya wannan shi kaɗai ba, shi ya sa cinikin yake tafiya wurin manyan gonaki. Mai kiwon bayan gida sai ya jira Kirsimeti.

Kada mu yi musu rashin adalci. Gidajen nan sun kawo abubuwa masu kyau. Akwai wurin wanke hannu da makewayi mai tsabta, abin da yawancin bukkokinmu ba su da shi. Abinci yana rufe, ƙuda ba ya sauka. Farashi yana rubuce, ba a duban takalminka kafin a faɗa maka kuɗi. Yaranmu da suka gama sakandare suna jiran shiga jami'a sun sami abin yi, suna koyon zuwa aiki kan lokaci da riƙe lissafi, ko da yake tsayuwar tana da tsawo albashin kuwa ba yawa. Saurayi da budurwa suna da wurin zama su yi taɗi a fili, cikin haske, gaban jama'a, wannan ya fi lungu. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: a garin da kogi ya raba mu, wuraren nan suna cikin kaɗan da za ka ga iyalin da suka zo daga Tudun Wada da iyalin da suka zo daga Narayi suna bin layi ɗaya, 'ya'yansu suna leƙen askirim ɗaya. Ba ƙaramin abu ba ne.

Mu ma kuwa muna da abin gyara a namu. Man da aka soya ƙosai da shi kwana uku har ya yi baƙi, da tsohuwar jarida ko takardar jarrabawa da ake naɗe awara a ciki, da ruwan wanke kwano guda tun safe har yamma, su ne suke kora mutane zuwa gidan gilashi, ba talla kaɗai ba.

Lissafin gida

Yanzu mu zo kan aljihu. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, jihar Kaduna ta ce 72,000. A ce maigida da uwar gida da yara huɗu sun biya ta can bayan sujada, kowa ya ci na Naira 4,000 har da abin sha. Kuɗi ya kama 24,000, watau kashi ɗaya cikin uku na albashin nan, a zama guda, kafin magariba kuma yara za su ce suna jin yunwa. Da kuɗin nan uwar gida za ta sayi kaza mai rai da shinkafa da kayan miya, kowa ya ƙoshi, maƙwabci ma a kai masa. Kamfanonin sun san aljihunmu sarai. Bayan karyewar tattalin arziki ta 2016, Chicken Republic ta fito da kwanon shinkafa da kaza na Naira 500 don ta jawo masu ƙaramin ƙarfi, ta kuwa jawo su. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 wannan farashi ya zama labari.

Ba mu ce kada a je ba. Ranar haihuwar yaro, ko ran da ya ci jarrabawa, ko ran da maigida yake so ya hutar da matarsa daga hayaƙin murhu, a je a ci a yi murna. Abin da muke tsoro shi ne ya zama al'ada, har ya zama ma'aunin da ake gwada iyali da shi a ƙofar majami'a: su wane sun tafi, mu fa? Mun san gidajen da ake bin su kuɗin makaranta zango biyu, amma kwalin kaza ba ya yankewa a kwandon shararsu.

Mu da muke koyarwa muna ganin wani abu a lokacin tara, sa'ad da yara suka buɗe abincinsu. Yaron da ya zo da ɗan wake ko dafaffiyar doya ko fate a kwano yakan juya baya ya ɓoye, ya ci da sauri kamar ya yi sata. Wanda ya zo da ragowar kwalin jiya kuwa sai ya ɗora shi bisa tebur don kowa ya ga sunan. Alhali na mai kwano ya fi gina jiki nesa. Wannan kunya ita ce ta fi damunmu, fiye da kuɗin. Yaron da ya koyi jin kunyar girkin uwarsa yana da shekara takwas, da wuya ya tsaya a kan girki kaɗai. Gobe harshen gida ne zai ji kunyarsa, jibi kuma tsohuwar da ta zo daga ƙauye da ƙullin daddawa. Wani lokaci mu manya ne muke koya musu, sa'ad da muka mai da kazar kwali ladan ƙoƙari, tuwo kuwa abin da ake ci in babu.

Ga kuma zancen lafiya a taƙaice. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Abincin da aka soya don sayarwa, na kwali ko na bakin titi, gishiri da ɗanɗano suke sa shi daɗi. Kwalbar lemo ta roba mai rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kamar ƙwaya goma sha biyu. Ba uwar da za ta jefa ƙwaya goma sha biyu a kofin ɗanta, amma mukan miƙa masa kwalbar ba tare da tunani ba. Hawan jini da ciwon sukari sun riga sun yi yawa a cikinmu, duk wanda yake zuwa gaishe da marasa lafiya ya sani.

Mai shagon unguwa

Kantunan zamani nasu labarin ya ɗan bambanta. Iyayenmu sun san Leventis da Kingsway, amma waɗannan na Turawa ne da manyan ma'aikata, talaka sai leƙe. Na yanzu sun shigo har cikin unguwa, wasu a gidajen mai, suna buɗe har dare. Kayansu a jere, kwanan watan lalacewa a rubuce, wani lokaci ma sun fi shago araha in za ka sayi da yawa.

Amma akwai abin da mai shagon unguwa yake yi wanda injin kanta ba zai yi ba. Yana sayar da sukari na Naira 100, da man gyaɗa a ƙulle a leda, da omo cokali biyu. Yana da littafi. Ran 20 ga wata, albashi ya ƙare, kana iya aika yaro ya ce, "Baba ya ce a ba da taliya biyu, a rubuta." Zai bayar, gama ya san ƙofar gidanka, ya zo sunan 'yarka. In muka kwashe cinikin ƙarshen wata muka kai kantin gilashi, muka bar wa mai shago bashi kaɗai, ba zai daɗe ba. Ran da ya rufe, littafin nan ya rufe tare da shi.

An ga yadda ƙananan 'yan kasuwa suke da rauni a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da takardar Naira ta ɓace daga hannun mutane. Wanda yake da kuɗi a banki ya tafi inda ake karɓar kati, mai ƙosai da mai shago suka zauna suna kallon hanya. Amma ba su zauna haka ba. Yau mai tsire da mai kifi a Sabo, har da mai waina, da yawansu sun liƙa lambar asusu a jikin tebur, ana tura musu kuɗi ta waya. Wasu matan sun sayi akwatin gilashi suna rufe soye-soyensu, sun koma zuba abinci a roba mai murfi, suna karɓar saƙon abinci ta WhatsApp, ɗan acaɓa ya kai ofis. Sun ɗauki tsabtar gidan gilashi da saurinsa ba tare da sun biya kowa hayar suna ba.

Nan ne muke ganin ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na matasa suna da abin yi, tun da yake sun riga sun iya adashi da riƙon amana. Masu kiwon kaji ashirin in sun haɗa kai, suka tsara ranar zuba 'yan tsaki don kada kajinsu su isa yanka a mako ɗaya, suka haɗa kuɗi suka sayi firji mai aiki da hasken rana, za su iya zuwa wurin manajan gidan abinci su yi magana a kan kaji ɗari uku kowane mako. Watakila reshen babban kamfani ya ce sai an tambayi Ikko. Gidajen 'yan gari kuwa, waɗanda mai su yake zaune a Barnawa ko Unguwar Sunday, shi da kansa zai ba da amsa, su ne kuma suka fi yawa a kan hanyar Kachia.